Huhun Herminda

Shekara ashirin da biyu Herminda Cuervo ta yi tana yankan furen wardi a rumfunan leda na garin El Rosal, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗuwa gwajin likita ba. Ba wai lafiya ce ta yi mata yawa ba. Mu matan gonar fure duk da wannan karatun muka tashi: wadda likita ya ce maganin ƙwari ya shiga jininta, sai a ce ta je gida ta huta, za a neme ta. Har yau ana kan nemansu. Saboda haka kowa ta iya dabararta. A yi kwana uku ana ɗirkar madara kafin a ɗebi jini, a ari fitsarin ƙanwa, kuma duk abin da likita ya tambaya a ce a'a. Kina ciwon kai? A'a. Jiri fa? A'a. Ko da kuwa ɗakin juyawa yake yi da ke.

Da masu gonar suka tuge furannin suka shuka wiwi ta magani, da lasisin gwamnati da kyamara a kowane lungu, har rawa mata suka taka. Ganye ne kawai, ba feshin guba, ba ƙaya. Herminda ma ta yi murna, don ba ta san ɗakin niƙa ba tukuna.

Ɗaki ne ba taga, ƙofa biyu, ba a buɗe ta ciki sai ta waje ta rufe. Da injin ya fara cin busasshen ganye sai wani koren gari ya tashi ya tsaya a iska, ya ƙi sauka. Takunkumin takarda da ake ba su kafin ƙarfe goma ya jiƙe ya manne a baki. Su tara ne ke karɓa-karɓa, mako ɗaya a ciki, mako biyu a rumfar shanya. Da ƙaiƙayin ido abin ya fara mata, sai ƙuraje a wuyan hannu daidai inda safa ta ƙare, sai hanci ya kama zuba. A wata na huɗu ƙirjinta ya soma fito. Ranar Lahadi garau take tashi, amma kafin Talatar makon niƙa sai ta ji kamar an ɗora mata buhun dankali a ƙirji.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta hau mota har garin Facatativá, ta shiga kantin magani inda ba wanda ya san fuskarta, ta sayi shuɗin abin shaƙa irin na masu asma. Kayan aikin kamfani ba su da aljihu, don kada wata ta fita da ko ɗan tsinke na ganye, sai ta riƙa naɗe abin shaƙar a cikin gashinta ta ɗora hula. In abin ya matsa ta nemi izinin bayan gida.

Dalilinta ɗaya ne, kuma yana zaune a gida da kumburarrun ƙafafu. Mijinta Evelio, tsohon direban motar madara, sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda, a kan katin inshorarta na aiki. Ranar da aikin ya tafi katin ya bi shi. An ce gwamnati tana da nata tsarin na marasa aiki, haka ne, amma kafin takarda ta tashi daga wannan tebur zuwa wancan sai a yi makonni, shi kuwa Evelio ko kwana biyar ba zai iya jira ba.

Ran nan da safe Doña Marleny, shugabar sashen, ta tsaya a bakin ɗakin canza kaya ta ce ranar Alhamis likita zai zo da na'urar awon huhu, kowa za ta hura.

Tana fita, Yolima ta fashe da tari, ta daɗe tana yi har da hawaye. Ita ce aminiyar Herminda tun suna 'yan mata, tare suka shiga layin wardi, kuma uwar baftismar 'yarta.

"To ke kam an gama da ke," in ji wata daga can baya. "Wannan tarin ko kurma ne likitan zai ji shi."

"Ke dai ji da hancinki mai yoyo," in ji Yolima. "Famfon unguwarmu ma ya fi shi kunya."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro. Daga nan aka shiga shawara. Wata ta ce ruwan mazarƙwaila da lemon tsami da citta, wata ta ce tururin ganyen turare, wata ta ce ita dai madara ba ta taɓa ba ta kunya ba. Herminda ta ci gaba da naɗe gashinta a cikin hula. Ta yi sa'a makon nan ba nata ba ne a niƙa, ƙirjin ya ɗan lafa, kuma tana da abin da ya fi citta.

Ranar Alhamis, ana saura mutum uku a kira su, ta ja Yolima bayan gida, ta tura ƙofa da ƙafa, ta zare hular.

"Ungo. Sau biyu, ki riƙe numfashi ki ƙirga goma."

Yolima ta kalli abin, ta kalle ta. "Wayyo Allah, Herminda. Tun yaushe?"

"Ba tarihi na kira ki ba. Shaƙi."

"Ashe shi ya sa kike ta zaryar bayan gida, ni ina cewa tsufa ne ya kama miki mara."

"Tsufan gidanku. Ki karɓa kafin a kira sunanki."

Yolima ta karɓa ta jujjuya shi a hannu, sannan ta mayar mata. "Ni na gaji, 'yar uwa. Shekara nawa ina ce wa likita a'a? Jiya jikana ya ce in hura masa balan-balan, na kasa. Bari su kore ni. In koma soya empanada a tasha, in sayar da fanken nama kamar uwata."

"Ke ba ki da mai jiran katinki, shi ya sa bakinki ya yi tsawo."

Maganar ta fita da zafi fiye da yadda ta so. Yolima ba ta yi fushi ba, ta dai gyara mata gashin da ya warware, ta ce, "Na sani. Yi naki, ina tsare miki ƙofa."

Herminda ta shaƙa sau biyu, ta ƙara na uku don kada a samu matsala. Maganin ya sa zuciyarta dukan uku-uku, amma iska ta sauka har ƙasan ƙirji, abin da ta daɗe ba ta ji ba.

Likitar yarinya ce, da ƙyar in ta kai sa'ar 'yar Herminda, ga ladabi. Ta karanto tambayoyi daga takarda. Tari da safe? A'a. Fito a ƙirji? A'a. Kin taɓa amfani da maganin shaƙa? A'a. Ta ce ta sa hannu a ƙasa, Herminda ta sa ba tare da ta karanta ba, wa yake karanta waɗannan ƙananan rubutun? Aka matse mata hanci da wani ɗan maƙali, aka ba ta bututu.

"Hura, mama, hura, hura, kada ki tsaya!"

Ta hura kamar ranta za ta fitar. Likitar ta dubi allon ta yi murmushi. "Kai, mama, da shekarunki? Ba ki taɓa shan taba ba, ko?"

Ran nan Herminda ta koma gida da rabin gasasshiyar kaza. Evelio yana zaune a ƙofa, ya ɗora ƙafafu a kan akwatin lemo, rediyo a cinya yana jin tseren keke.

"Tsohuwa, yau kuma wane waliyyi ake wa biki?"

"Na ci jarrabawa. Ci kaɗan, kada ka taɓa gishirin nan, na ga idonka."

Ya ce ai shi dama ya sani, matar da ke iya ƙwala masa kira daga kan tudu ya ji a kasuwa, wane bututu ne zai gagare ta. Ta yi dariya da gaske. Yolima kaɗai ke tsaya mata a rai, har ta fara tunanin wa ta sani a tasha da zai ba ta wurin ajiye kasko.

Ranar Litinin Doña Marleny ta shigo da takarda. Ta kira suna biyar, na Yolima ne na biyu. Matan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, wata har ta fara kwashe kayanta daga loka.

"Ina za ki da kaya? Wa ya ce an kore ki?" in ji Doña Marleny. "Daga yau ku biyar kuna rumfar dashe. Albashinku yana nan yadda yake. Turawan da ke sayen kayanmu sun ce duk wadda huhunta ya nuna alama a raba ta da ƙura, in ba haka ba su fasa ciniki."

Rumfar dashe! Inda ake tsoma 'yan rassa a ƙasa mai laima, gefen ledar a ɗage, iskar dutse na shiga tana fita. Yolima ta dafe baki. Ba ta yi murna ba, Herminda take kallo.

"Ku huɗun da kuka rage," Doña Marleny ta ci gaba, "likita ta ce huhunku lafiya lau. Karɓa-karɓa ta ƙare tunda ba mutane. Ku ne 'yan niƙa na dindindin. An ce za a kawo sabon takunkumi, ban san yaushe ba."

Herminda na cikin huɗun. Shekara ashirin da biyu dabarar nan tana ceton ta, yau ita ta kai ta ta baro. Kuma wa za ta zarga? Ba wanda ya yi mata ƙarya, ita ce ta yi.

Ta bar sauran suka fita, ta bi Doña Marleny har ɗan ofishinta, ta rufe ƙofa.

"Doña Marleny, game da gwajin nan, akwai abin da..."

"Dakata."

Marleny ma a layin wardi ta fara, yatsunta har yanzu da tabon ƙaya. Ta daɗe tana kallon hular Herminda, inda ta ɗan yi tudu ta baya. Sannan ta ja durowa ta ciro takardar da Herminda ta sa wa hannu, ta juyo da ita, ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshe.

"Karanta nan. Wadda ta ɓoye ciwo ko ta yi wa likita ƙarya, sallama ce a ranar, ba gargaɗi. Ba ni na rubuta ba, kuma wallahi da na san inda za a kai masu tarin nan da na gaya muku tun ran farko. Amma abin da kunnena ya ji, dole hannuna ya rubuta. Saboda haka ki yi tunani kafin ki ƙarasa maganar nan." Ta sassauta murya. "Yaya jikin maigidanki Evelio?"

"Gobe ne wankinsa."

"Allah ya ba shi sauƙi."

Ta bangon ofishin ana jin an tayar da injin, ƙasa na ɗan girgiza. Herminda ta ɗago kai daga takardar.

"Yaushe likitar za ta dawo?"

"Baɗi war haka."

Wata goma sha biyu. Da mako ɗaya cikin uku ma yaya ta ƙare? Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a zamanin feshi. Ta buɗe baki, maganar ta zo har kan harshe, sai ta ga Marleny ta ɗauki biro ta cire murfinsa, tana jira, idonta ya kaɗa.

"To, Herminda, me kika zo gaya mini?"

"Ba komai, Doña Marleny," in ji ta. "Godiya na zo yi."