Zinaren Mutum Huɗu

Shekara tara bayan Odessa Thibodeaux ta daina gudu ta koma koyar da motsa jiki a wata sakandare a Baton Rouge, sai ga wasiƙa daga hukumar wasanni. An sake gwada tsohon fitsarin Corinne Mabry, wadda ta ƙarasa wa su Odessa tseren miƙa sanda na mutum huɗu a gasar duniya, an sami maganin ƙara ƙarfi a ciki. Saboda haka an umarci su huɗun duka, kowacce ta mayar da lambarta ta zinare.

Ita kuwa Odessa, a zamanin gudunta ko maganin mura ba ta sha sai da iznin likita. Ranar Asabar ta ja mota sai Shreveport. Ta tarar da Corinne a shagonta na gyaran gashi, ta tasa soyayyar tarwaɗa a gaba.

"Kin cuce mu, Corinne."

"Lale da Waliyyiya! Zauna mana, ga kifi."

"Ba ci ya kawo ni ba. Gwiwata biyu na kashe a kan zinaren nan, da gumina na same shi."

Corinne ta goge maiƙon hannunta, ta dube ta sama da ƙasa. "Guminki? Mu ne na huɗu sa'ad da kika miƙo min sanda. Wa ya wuce mutum uku? Kuma ran nan a sansanin horo da kika buɗe jakata kina neman man shafawa, me kika gani?"

Odessa ta tuna. Allurai ta gani, da 'yan kwalabe marasa suna. Ta rufe jakar, ta ce wa ranta bitamin ne.

"Kin ci nama, yau kina zagin mahauci," in ji Corinne. "Ni aka lalata wa ƙoda, ƙawata. Ke me ya same ki?"

Lambar tana bangon falon mahaifiyar Odessa. Da ta zo ciro ta, tsohuwar ta riƙe mata hannu.

"'Yata ba ta yi ha'inci ba. Ki faɗa musu ba ki san komai ba!"

"Na faɗa musu, Mama."

Haka kuwa ta rubuta wa hukumar, ta sa hannu. Suka amsa cewa sun yarda da ita, amma doka doka ce. Jaridar garin ta buga hotonta, ta kira ta baiwar Allah da aka zalunta, ranar Lahadi kuma 'yan coci suka miƙe tsaye suna tafa mata. Odessa ta sunkuyar da kai har suka gama.