Hannun Mai Guga

"Daga farko kuma?"

"Daga farko, Inna," in ji ɗalibar, tana buɗe biro. "Haka Malama ta koya mana. Ba ma karanta abin da na gabanmu suka rubuta sai mun ji da kunnenmu."

Matar ta yi dariya marar daɗi. Baƙuwa ce a ƙasar, tana guga a kamfanin wankin zannuwan otal, har ranar da injin matse kaya mai zafi ya sauko mata a hannun dama. Kamfanin ya ce bai san ta ba. Ba ta da lauya sai ɗaliban wannan ɗan ofishi na bayan tsangayar shari'a ta jami'a, masu tsaya wa talaka kyauta don su koyi aiki. Kowane zango sai su gama su tafi, sababbi su zo, shari'a kuwa sai ɗagawa ake yi.

"Na farkonku mai gemu ne," ta ce. "Ya yi kuka har sai da na lallashe shi. An ce yanzu yana banki. Sai wata mai dogon takalmi, ta rantse za ta kai ni har kotun ƙoli. Ta yi aure, ko katin biki ban gani ba. Ke fa, 'yar lauya, yaushe za ki tafi?"

Ɗalibar ta sunkuyar da kai. "Bayan jarrabawa."

"Kin ji ko."

Fanka na ta juyi a sama, tana kaɗa labulen da rana ta cinye. Malama na zaune a kusurwa, aikinta ta saurara ta ba da maki.

Matar ta zare safar hannunta a hankali, ta ɗora hannun a kan tebur. Fatar ta tattare, yatsun sun manne da juna. Biron ya suɓuce wa ɗalibar.

"Duk ranar da na ba ku labarin nan, sai in koma gida ina jin ƙaurin fatata. 'Yata ta kawo abinci in kasa ci. Sai na fara mantawa, na fara barci kamar mutane, sai a kira ni a ce wani sabo ya zo."

"Inna, saura kaɗan," in ji Malama, ta ajiye takardar makin. "Ki bari ni da kaina..."

"Bara ma haka kika ce, baiwar Allah. Ban ce kun cuce ni ba. Yaran kirki kike rainowa, da hannuna suka koyi aiki, Allah ya sa su amfani wasu."

Ta mayar da safar, tana ja da haƙori. Ta miƙe, ta shafa kan ɗalibar da hannun hagu, ta share mata hawaye da babban yatsa.

"Rubuta wannan, 'yata, tunda kin buɗe biro. Na janye ƙarata. Ba zan sake ba da labarin nan ba."