Bokiti Ƙarƙashin Kumfar Kwaɗo

A wurin wankin motar kawuna doka ɗaya ce: bokitin da aka ajiye ƙasa ba na kowa ba ne. Mu bakwai ne, bokiti huɗu. Ko atishawa za ka yi, da naka a hannu za ka yi ta.

Motar wani tsohon malamin makaranta ta kwana uku a gindin bishiyarmu. Ni na goge ta har tana ɗaukar ido. Da ya zo ɗauka, sai muka ga farar kumfa kamar ƙwallo manne a reshe, daidai saman rufin.

"Kai, har bishiya kake wa sabulu?" in ji Kawu.

Malam ya gyara tabarau. Ya ce ba sabulu ba ne, ƙwan kwaɗon bishiya ne. Uwar ce ke kaɗa kumfar da ƙafafun baya, a reshen da ke saman ruwa. Bayan kwana biyar talibambam su zubo ciki.

"Ina ruwan yake a nan?" in ji Kawu.

"Rufin motata. Ɗanka ya goge shi har kwaɗo ya ɗauka tafki ne."

Tunda nake ba a taɓa yabon aikina haka ba. Amma Malam ya ja motarsa, aka bar siminti mai zafi a ƙarƙashin reshen. In suka zubo a nan, soyuwa za su yi, kuma ni na yaudari uwarsu.

Na cika bokiti na ajiye a ƙarƙashin kumfar. Kafin in juya, abokin aikina Dogo ya sure shi. Na karɓo na sake ajiyewa, wani abokin aikin, Mai Tsumma, ya sure. Kawu ya ce ba za a canza doka saboda kwaɗo ba.

Sai na riƙe. Kullum daga buɗewa har tashi ina tsaye da bokiti, ina kallon sama. Masu mota suka fara tsayawa su taya ni kallo. Dogo yana kirana mijin kwaɗo.

Rana ta biyar kumfar ta fara ɗiga, ni kuma fitsari ya matse ni.

"Kawu, don Allah."

Ya dube ni, ya dubi reshen, ya karɓa yana tsaki.

Da na dawo, ya ƙi ba ni.

"Matsa can," ya ce, idonsa na sama. "Sha ɗaya sun faɗo. Ga wani nan yana leƙowa."