Goyon Taɓarya

A duk unguwarmu ta Hindawiyya a Jidda ban san mai kare ba sai Khala Zinariya, ita ma ba zuwa ta yi ta nemo shi ba. Aikatau take yi a gidan wasu Turawa can arewacin Jidda. Da aka fara maganar yaƙin Kuwait suka tattara ya-nasu-ya-nasu a gurguje, matar gidan ta miƙa mata karen tana hawaye, ta ce ta riƙe shi kafin su dawo. Shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa, ko gaisuwa ba su aiko ba. Khala dai ta ce amana amana ce, ko da ta kare ce.

Ni Zaituna a nan aka haife ni. Ɗakinmu yana ƙarƙashin nata na kan soro, kuma Khala nake ce mata kamar yadda muke kiran sa'o'in iyayenmu mata, don haka kusan duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Karen nan halittarsa kaɗai abin kallo ce. Dogon jiki, ƙafafu gajejjeru kamar ba a ƙarasa su ba, kunnuwa a zube, gashi mai kaushi har da ɗan gemu. Turawan sun ce ruwa biyu ne, uwarsa irin masu bin dabba cikin rami, ubansa irin masu kama ɓera. Sunan da suka sa masa ya gagari harshen kowa, 'yan gidanmu suka raɗa masa Taɓarya, ya kuwa bi shi. In ka ji haushinsa daga waje sai ka rantse wani ƙato ne. Ga tonon tsiya, don tukunyar na'ana'ar mahaifiyata ba ta taɓa kwana lafiya ba. Ga taurin kai: ka kira shi, sai ya fara duba hannunka ya ga ko kiran yana da amfani. Khala kaɗai yake bi ba sharaɗi.

Ita kuwa ta ɗauki abin da gaske. Ta kafa masa 'yar rumfa a wajen ƙofarta don kada mala'iku su ƙaurace wa ɗakin, ta ware masa kwano, tana taje shi, tana goge masa cikin kunne da auduga. Baturiyar ta nuna mata da hannu cewa ba ya hawa matakala, bai kuma kamata ya yi tsalle ba, amma ba ta faɗi dalili ba, ko ta faɗa da yaren da Khala ba ta ji. Saboda haka a rungume take saukar da shi. Abu ɗaya ta ƙi bi, wato ɗan kofin da ake auna masa abinci. Wannan a wurinta rowa ce tsagwaronta. Ta ce baƙo ba ya ramewa a hannunta, ta yi ta ɗura masa shinkafa da ragowar kaza har ya yi ɓul-ɓul.

Mutane sun yi surutu sun gaji. 'Ya'yanta sun girma suna can Damagaram, ita umara ta kawo ta ta zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya mata. A duk faɗin Jidda babu mai jiran dawowarta a bakin ƙofa sai wannan kare, kuma tana sonsa so na gaske, ko an ƙi ko an so.

Ranar da abin ya faru ba a daɗe da gama aikin Hajji ba, lokacin da 'yan jawazat, jami'an duba takardu, suke tare hanyoyi suna kwasar waɗanda suka ƙi komawa gida. Da hantsi wata kyanwa ta hau tankin ruwa na kan soro. Taɓarya ya bi ta kan akwatuna ya hau, ta dire, shi ma ya diro. Ƙarar da ya yi har cikin ƙirjina na ji ta. Da na hau na tarar da shi yana tafiya, amma ƙafafun baya suna harɗewa kamar na mashayi, yana kaɗa wutsiya yana kallon Khala. Ita kuwa ta rasa inda za ta taɓa.

Muka aika aka kira Salihu maɗori, wanda mutanenmu marasa takarda suke zuwa wurinsa in sun karye. Ya tsaya daga nesa, hannuwansa a baya, ya ce shi mutane yake ɗorawa, kuma ma wannan ba karayar ƙafa ba ce, ciwon a gadon baya yake. Ya kwatanta mana wani likitan dabbobi can sama a Hanyar Madina, ya ce kada mu bari rana ta yi.

Na samo kwalin ayaba, muka shimfiɗa tawul, muka kwantar da shi muka fita titi. Mai tasi na farko ya tsaya, Taɓarya ya leƙo kai, mutumin ya ja motarsa ko ƙofar ban gama rufewa ba. Na biyu ya tofar da yawu. Na uku dai ya yi mana adalcin faɗar gaskiya, ya ce akwai shinge a gaba, kuma Batakariya da kare a kwali sai an tambaye ta takarda kafin a amsa sallamarta. Ni ina da iƙama a ƙarƙashin kafilin mahaifina. Na ce ta koma gida in kai shi ni kaɗai, amma da na ɗauki kwalin ya kama ihu yana neman faɗowa, ga shi har yanzu ba motar da za ta ɗauke mu. Rana ta take, kwalta ta fara ƙuna, abin duniya ya ishe mu.

Sai Khala ta ja ni cikin wani lungu. Ta cire abaya, ta kwance zanenta na sama, ta duƙa.

"Ɗora min shi."

"Khala, kare ne fa. Ma yisir, ba zai yiwu ba wallahi."

"Biyar na goya, ko ɗaya bai taɓa zamewa ba. Yalla, Zaituna, rana na yi."

Na ɗora shi. Ta tayar da shi tsaye a bayanta, ta lanƙwasa ƙugunsa ya zauna kamar yadda ake zaunar da jariri, ta ja zane ta ɗaure, ta kawo majanyi ta tamke. Ya yi ƙara ɗaya mai tsawo. Ta jijjiga shi tana yi masa 'yar waƙar rarrashi, ta yafa abaya a kai. Duk wanda ya gan ta ya ga kaka da jikanta, ni kaina sai da na ji sanyi a raina na ce dabara ta yi.

Motar haya ta tsaya mana nan take. Muka shige baya wurin mata, Khala ta zauna a bakin kujera don kada ta danne shi. Direban nan bai bar rami ko ɗaya ba sai da ya faɗa. Taɓarya yana wani siririn kuka, Khala tana tari don ta rufe shi, ni ina ta zuba surutu da Larabci. A shinge jami'i ya leƙo, ya ga tudun goyo a ƙarƙashin abaya, ya kawar da kai ya ɗaga wa direba hannu. Bayan nan kukan ma ya daina. Khala ta raɗa min cewa ya samu barci, muka yi hamdala.

Inda aka sauke mu da sauran tafiya, muka ƙarasa a ƙafa, tana sauri tana ƙara tamke majanyi.

Likitan Bamisre ne mai furfura. Da Khala ta yaye abaya ta kwance goyon, na ga fuskarsa ta sauya. Ya shimfiɗa Taɓarya a tebur. Ƙafafun baya suka zube kamar tsumma, wutsiya ko motsi. Ya ɗauki hantsaki ya matse ɗan yatsan ƙafar baya da ƙarfi, karen ko waiwayowa bai yi ba, yana ta lasar hannun Khala. Ya tambaye ni ko da safe yana iya tsayawa. Na ce har tafiya yake yi.

Ya yi bayani a hankali, ba faɗa. Ya ce irin waɗannan masu dogon baya, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu yana saurin fashewa ya danne laka, ƙiba kuma tana ƙara masa nauyi. In abin ya faru, magani na farko shi ne a kwantar da kare a miƙe a kan abu mai tauri, kada bayan ya lanƙwasa ko kaɗan. Ya ce ba zai rantse ba, amma da a kwance aka kawo shi, da yana sa rai. Yana magana yana nunawa da wani tsinken roba, ya miƙar da shi, sannan ya tanƙwara shi har ya karye.

Na juyo ina neman kalmomin da zan sassauta. Khala ta riga ni.

"Ba sai kin fassara ba, 'yata," in ji Khala. "Na gani. Ni da na tamke shi don kada ya ji girgizar mota."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Likitan ya ce zaɓi biyu ne. Ko ya yi masa allura ya huta yanzu, ko ta koma da shi ta riƙa juya shi, tana matsa masa mara da hannu ya yi fitsari, tana wanke shi, wataƙila har iyakar rayuwarsa, kuma ba alkawarin zai sake takawa. Kafin in kai ƙarshen fassarar ta ce a tambaye shi ko yana da katako.

Ya ciro ƙofar wata tsohuwar durowa ya ba mu, ya nuna mata yadda ake ɗaga shi, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu. Khala ta naɗe zanen ta yi gammo, ta duƙa, muka aza mata katakon a ka. Taɓarya yana kwance a miƙe, kansa a sama, yana kallon titi.

A bakin ƙofa na tuna mata cewa ba motar da za ta ɗauke mu a haka, Hindawiyya da nisa, shingen kuma yana nan inda muka bar shi. In suka tsayar da ita, halas, sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Na roƙe ta har da hawaye ta bari ko mayafina in lulluɓa masa.

"Na rufe shi sau ɗaya," ta ce.

Ta dafe katakon da hannu biyu ta hau gefen titi, tana taka ƙasa a hankali don kada ya girgiza. Masu motoci suna rage gudu suna kallo, wasu suna dariya. Da muka hango motar jawazat a gicciye can gaba, sai na ja na tsaya. Ita ba ta ko rage tafiya ba, sai ma Taɓarya da ya ga mutane a tsaye ya fara yi musu haushi.