Buntun Shinkafar Paikon Kore

A shekarun da aka koma mulkin farar hula, lokacin da ko'ina a Abuja ƙarar kwaɓa siminti kake ji, Nazeefa da Thaddeus suna aiki tare a wata hukumar bincike. Dukansu injiniyoyi ne. Suna niƙa buntun shinkafa su zuba cikin narkakkiyar roba don a rage yawan robar, sai inji ya tura haɗin cikin ƙarfen zubi, a fito da tire na abinci. In buntun ya yi yawa, haɗin ya yi kauri kamar tuwo, ya ƙi kaiwa baki. Thaddeus ne ke kawo buntun daga wajen mahaifiyarsa a Paikon Kore. Kuma duk tiren da ya fito da zafinsa sai ya danna shi da babban yatsa, ya ji ko ya kama jikinsa.

Da damina tirela ta bi ta kan motarsa a hanyar Mararaba.

Bayan jana'iza Nazeefa ta buɗe buhun ƙarshe da ya kawo. Haɗin ya malala lafiya, ya cika ƙarfen. Amma da ta ɗago tiren, sai ga ɗan rami a gefensa, daidai faɗin yatsa. Na biyu ma haka. Ta ce danshi ne ke zama tururi, ta busar da buntun, ta ƙara wuta, ta rage. Ramin bai gusa ba. Ta kai har in injin ya yi tsaki ya buɗe, ba ta son juya baya ga ƙofa.

Ran Asabar ta ɗauki tire ɗaya ta tafi Paikon Kore. Ta tarar da Mama Helen, mahaifiyar Thaddeus, tana sheƙar shinkafa a tsakar gida.

"Mama, ki duba min nan."

Tsohuwar ta goge hannu a zane, ta sa yatsanta cikin ramin. Ya yi mata yawa. Ta daɗe a haka.

"'Yata, saura nawa a buhun?"

"Bai kai rabi ba."

"To ki riƙa yi a hankali. Kar ki ƙarar da shi da wuri."

Ba ta mayar mata da tiren ba. Ta shiga da shi ɗaki, ta sakaya labule. Nazeefa ta zauna a kan turmi tana jira, har kaji suka fara tsattsagar shinkafar da aka bari a ƙasa.