An Ari Ƙanwata Ranar Baƙi

Mu mutanen ƙetaren gada yarenmu na gida daban ne, kuma a makarantar nan wannan kaɗai ya isa a tura yaro ajin ƙarshe, wanda ke manne da bayi. Ba a yin wata jarrabawa. Malami ya ji yadda harshenka ke karya magana, shi ke nan. A ajin na zauna ina shaƙar zarni har na gaji, na koma facin taya.

Ƙanwata, wadda muke kira Tsinke saboda rama, ta fi ni haƙuri, ta kuma fi ni kai. Burinta ɗaya, a mayar da ita ajin farko, inda ake da littattafai da malamin da ke shigowa kullum. Da aka ce manyan baƙi za su zo duba makaranta, hedimasta ya kira ta ya ce ita za ta yi musu karatu, in ta yi da kyau kujera a ajin farko ta zama tata. Kullum da yamma sai ta zo rumfata ta hau tsohuwar taya tana maimaitawa, har masu babur suka haddace shafin suna tsokanarta.

Ranar na rufe rumfa na je na tsaya ta taga. An sa mata sabuwar riga, an zaunar da ita a gaba. Ta miƙe, ta buɗe littafi, sai hedimasta ya dafa shafin ya ce ta fara gaishe da baƙi da yarenmu tukuna. Ta gaishe su. Suka yi tafi, wata mata ta shafa mata kai kamar ta ga ɗan kyanwa, aka ɗauki hoto, aka wuce cin abinci. Ko layi ɗaya ba ta karanta ba.

Washegari aka karɓi rigar. Malamin ajin farko ya ce mata babu wuri.

Na je ofishin hedimasta hannuna duk baƙin mai. Hotonta ne a bango, an sa shi cikin gilashi, ya fi agogon girma.

“Ranka ya daɗe, maganar kujerar yarinyar nan.”

“Samari, ai ka gan ta nan,” ya nuna bangon da baki. “Duk wanda ya shigo sai ya yaba mana.”

Ya ce a bari sai baɗi a gani. Na juya na fita.

Da safe na tarar da Tsinke ta riga ni zuwa rumfa, babu jakar makaranta, ta tsoma tiyub a ruwa tana neman huda.

“Yaya, nan ne ko? Ga kumfa.”

Nan ɗin ne. Na miƙa mata gam.