Sunan da Na Kira a Gangaren Kebbe

Atu, aje tulun nan ki zauna, ai ba duka kinka ji ba. Batun motarmu da ta maƙale gaskiya ne, amma wannan somin taɓi ne. Mil shidda, Atu. Mil shidda ɗiyar taku ta tuƙa keke da ƙafarta bisa duwatsu, yarinyar da shekararta tara.

Kin dai san halin Malam maigidana in anka ba da hutun makaranta, jikinshi har rawa shikai ya ga Kebbe. To bana ya ce duk gidan za mu, mu gaida Goggo, mahaifiyarshi. Anka ɗaura kekuna biyu bisa babbar mota nan tashar Tambuwal: sabon da ya saya bara, da tsohon nan baƙi na tun shekarar Udoji, wanda ya ce za shi kai ma ƙanenshi Ɗan'iya.

Abin da ba ki sani ba, ni da nauyin zuciya na shiga motar nan. Kwana ukku kahin tafiyar ina bayan zana ina tankaɗe, na ji yarinyar tana roƙon ubanta wai in mun je a bar ta can wurin Goggo, ta ci gaba da makaranta a Kebbe. Ya ce mata don mi? Ta ce, "Can an san sunana. Nan gidan ni 'ke' ce."

To mi zan ce? Ɗiyar fari ce. Haka Iyarmu ta yi ma ɗan farinta Yaya Almu, ga shi da gemu har yau ba ta taɓa kama sunanshi ba. Ni ma tun da na haife ta ban taɓa ba. "Ke yarinya", "waccan", shi ke nan. Malam ɗan boko ne, shi babu ruwanshi, kiran abarshi shikai ko gaban wa. Ya ce mata to, in Goggo ta yarda. Goggo kuwa ina za ta ƙi?

Muna cikin tafiya, hantsi ya ɗaga, sai direba ya tsaya. Ruwan shekaranjiya ya cinye kwalbati, hanya ta rabe biyu. Ya ce sai dai a jira masu gyara, ko yau ko gobe. Mutane sunka sauka, kowa na neman inuwa. Malam ya dubi tudun nan na hannun dama, ya dube ni, sai na ga yana murmushin nan nashi da ba ya haifar da alheri.

"Akwai burtali ta bayan dutsen can," in ji shi. "Nan muka bi da awaki muna yara. Kahin azahar muna gida."

Na ce, "Da goyo? Wa zai tura keke na biyu?"

Ban rufe baki ba yarinyar ta ce, "Ba turawa za a yi ba, hawa za a yi."

Ashe duk la'asar da nika cewa ta tahi ɗebo ruwa ta daɗe, tana filin makaranta uban na koya mata. Ƙafarta ba ta kai feda daga sirdi, sai ta zura ƙafa guda ta ƙarƙashin ƙarfen, ta karkace awa ƙadangare a jikin garu, ta ɗaure bakin zane a ƙugu. Na so in yi faɗa, dariya ta hana ni.

Munka bar kayanmu wurin direba, na gyara goyon Abdu, na hau kariyar sabon keken, bayan Malam. Atu, ban taɓa ganin ƙasa ta yi kyau haka ba. Gero duk ya fid da kai, sabara da geza sun yi shar, ƙasar ja wur, iska na kaɗa mini gyale. In munka zo hawa sai mu sauka mu tura, Malam na haki yana cewa tuwon Tambuwal ya karɓe ni. Na ce ai sai ya kai ƙara wurin mai kawo hatsin. Ita kuwa tana gaba, ƙararrawa kawai kike ji, ƙirrin-ƙirrin, ko akuya ta gani sai ta buga mata. Wasu Fulani mata sunka aje ƙorai suna kallonta, ɗaya ta tambaye ni, "Ɗiyarki ce?" Na kau da kai na ce, "Ta gidanmu ce." Yarinyar ta ji. Na ga ta ji, don ƙararrawar ta yi shiru har munka kai ƙolin dutsen.

Daga can sama kina hango itatuwan Kebbe. Amma gangaren, Atu, dogo ne, duk tsakuwa, ga ƙorama a gindinshi ta kawo ruwa tana dukan duwatsu. Malam ya ce kowa ya sauka. Ni na sauka. Shi ya duƙa yana maida sarƙarshi da ta zame. Ita ko ba ta ji ba, ko ta ji ta ƙi, Allah masani. Sai ganinta munka yi ta miƙa.

Tsohon keken nan birkinshi ya daɗe da gajiya. Malam ya yar da nashi ya bi ta da gudu yana cewa ta matse birki, ta matse birki. Tana matsewa, keken na ƙara wuta. Ni daga inda nike tsaye ina ganin abin da su ba su gani: kai tsaye duwatsu ne, amma hannun hagu ruwa ya tara rairayi tuli guda, mai laushi.

Na ce, "Ke! Hagu!" Ko gezau. Na sake, "Ke yarinya!" Iska ta kwashe.

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. "Zahara'u! Yi hagu, bi rairayi!"

To kin ji, ga shi yanzu ma na sake faɗa. Daina kallona haka.

Atu, kamar an ja ta da igiya. Ta karya kan keken hagu, tayar gaba ta nutse cikin rairayi, ita ta yi sama ta faɗo tim. Yadda na sauka gangaren nan da goyo, takalmi guda a ƙafa, ban iya gaya miki. Na iske ta zaune, baki cike da ƙasa, gwiwa ta ɗan kuje. Ina laluba hannuwanta ina duba ko akwai karaya, ita ko ta jikinta ba ta yi. Ubanta take kallo.

"Baba, ka ji?"

Yana haki ya ce, "Na ji. Har mutanen Jabo sun ji."

Ta juyo ta ce mini, "Ashe kin san shi."

Na ce, "Tashi ki kakkaɓe zanenki." Amma hannuna bai saki nata ba, ita ma ba ta janye ba. Haka munka ƙetare ƙoramar, ruwa iya gwiwa, Malam na ɗauko kekuna ɗaya bayan ɗaya bisa kai. Da munka haye ta sake hawa abinta, har ƙofar gidan Goggo.

Malam kuwa bakinshi ba ya riƙe magana. Ko furar ba mu gama sha ba ya kwashe duka ya gaya ma Goggo, har da kwaikwayon muryata. Na rufe fuska da gyale, na ce yau na shiga ukku. Goggo ta nuna shi da ludayi.

"Wanga gardin ma, ɗan farina, na taɓa kiran sunanshi. Sau ɗaya, ranar da ya leƙa rijiya ƙafarshi ta zame. Ku tambaye shi ko ya manta."

Malam, malamin makaranta guda, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Goggo ta juya wurin jikarta ta ce, "To amaryar keke, an ce nan za ki zauna. Na sa an gyara miki gado."

Ta ce, "Hutu kawai na zo, Goggo. In an koma makaranta da su zan tahi."

Ni dai cewa na yi hayaƙin murhu ne ya shiga mini ido, na fita.

Ga mu mun dawo, mu fuɗu cif. Sai dai ta samu sabon iyayi: in na ce "ke", sai ta zama kurma. Dole in leƙa zaure, in leƙa bayan zana, in babu kowa in faɗa a hankali. Sai ki ga ta taso tana wani taku.

Yanzu ga abin da nika so da ke. Tunda gobe za ki Sanyinna, ki gaya ma Iya jikarta ta tuƙa keke mil shidda bisa dutse, ni bakina ba ya iya yabonta gaban Iya. Ki gaya ma Yaya Almu, ki gaya ma duk wanda kinka iske zaure. Batun sunan kuwa, shi ma ki faɗa mata. Amma ki bari sai ta aje tukunya ta zauna.